Wa Ya Yi Dajin? Sharhin Fim ɗin Der Waldmacher daga Bakin Kanal ɗin Kura

Labarin muhalli a ƙasar Hausa ya saba zuwa mana da kuka: hamada ta matso, daji ya ƙare, namun dawa sun gudu. Shi ya sa fim ɗin Der Waldmacher, wato "Mai Yin Daji", na fitaccen daraktan Jamus Volker Schlöndorff, ya cancanci a zauna a kalle shi da natsuwa. Labarin dawowar daji ne, kuma tushensa a Maraɗi yake, nan bayan gidanmu.

Fim ɗin yana bin Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya da ya zo Nijar a 1981. Ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983, ya tsaya a hanyar rairayi don rage iskar tayar motarsa, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro. Da ya duba, ashe kututturen itace ne mai rai, saiwarsa na nan a ƙasa, sara da kiwo ne kawai ke hana shi tashi. Dabarar ba ta da wuya: manomi ya zaɓi toho mafi ƙarfi, ya rage sauran, ya kare shi. Manoman Nijar sun raɗa mata suna "sassaben zamani". An ƙiyasta ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood, tare da manomin Burkina Faso Yacouba Sawadogo.

Ƙarfin fim ɗin shi ne bai nemi mu ji tausayin kowa ba. Ya nuna cewa ƙasar da aka yanke wa ƙauna tana da sauran numfashi.

Matsalata da shi tana farawa daga sunansa. Mutum ɗaya ba ya yin daji. Rinaudo ya cancanci yabo, ya zauna da mutane har ya ji Hausa. Amma gawo da kalgo da sabara da aduwa da suka dawo, hannun manoma dubbai ne ya raine su. Kuma ba wa'azi kaɗai ya sa su ba. A da, itacen da ke gonarka tamkar na gwamnati ne, ma'aikatan gandun daji na iya cin tararka a kansa, don haka wa zai raini abin da ba nasa ba? Da aka sassauta wannan riƙo, manomi ya ga makamashi da abincin dabba da taki a cikin itacen, sai ya bar shi. Wannan shi ne zuciyar labarin, amma sunan fim ɗin ya ɗora rawanin a kai ɗaya.

Duk da haka begen da fim ɗin yake ɗauke da shi ba na banza ba ne. A Nijar ɗin dai, raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996. Yanzu sun haura 600, har a 2018 aka kwashi takwas zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Su ma a gonakin mutane suke kiwo, ba a bayan shinge ba.

To mu fa a nan Kura da Bunkure? Mai kallo daga yankin noman rani zai ji fim ɗin bai gama magana da shi ba, domin darasinsa na gonar tudu ne. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwan kanal ya kawo mana shinkafa da alkama da tumatir. Amma a fadamar shinkafa, itace inuwa ne kuma masaukin jan baki, shi ya sa ba a son sa. Can ƙasa kuma, a dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai, ambaliyar damina ta ragu, kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Arzikinmu yana da bashi a kansa.

Sai dai darasin Maraɗi yana iya tsallako iyaka. Muna da gonakin tudu da gefen hanyoyi da burtali, inda kututture ke jiran a ƙyale shi. Balbela da zalɓe da ke bin ruwanmu ma shaida ne cewa gona na iya zama gidan tsuntsu. Sharaɗin ɗaya ne: sai manomi ya ga rabonsa a ciki.

Ku nemi fim ɗin ku kalla. Marubutanmu kuma, da suka gaji tatsuniyar Gizo da kura amma yau da wuya ka ga itace ɗaya mai suna a littattafansu, ga aiki nan. Manomin da ya fara barin toho a gonarsa maƙwabta na yi masa dariya, har yanzu yana jiran wanda zai rubuta shi da Hausa.