Fensir, Ƙamus da Littafin Labari: Nazarin Yadda Ɗalibanmu Ke Tara Kalmomin Turanci

Duk wanda ya taɓa sayen tsohon littafin labari na Turanci a wurin masu baza littattafai a Sabon Garin Kano ko na Zariya ya san wannan alama. Shafukan farko sun yi baƙi ƙirin da fensir. An ja layi ƙarƙashin kalma, an rubuta ma'anarta da Hausa a samanta da ƙananan haruffa, wani layin ma sai ka ga kalma uku ko huɗu. A babi na biyu rubutun ya ragu. Daga babi na huɗu har ƙarshe takarda fes. Mai kyautata zato zai ce ɗalibin ya ƙware ne. Galibi kuwa nan ne ya gaji ya ajiye, ya koma ga 'yar takardar taƙaita labarin da ake sayarwa gab da jarrabawa.

Al'adar tsohuwa ce a makarantunmu. Malamin Turanci zai ce a nemi ƙamus da littafin rubutu na musamman, duk baƙuwar kalmar da aka ci karo da ita a tsaya a duba, a kwafe, a haddace. Iyayenmu sun yi haka da ƙamusun Michael West da na Oxford wanda A. S. Hornby ya tsara, wasu kuma da Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner. 'Ya'yansu yau suna yi da waya. Kayan aiki sun sauya, hanyar tana nan yadda take.

A ganina hanyar ta karɓu a wurinmu ne saboda ta yi kama da abin da muka gada. A karatun zaure, ɗalibi yana jan baƙi, malam yana fassara masa kalma bayan kalma, tun daga Ahalari da Ishmawi har a kai ga Muƙamatul Hariri, wadda ake karantawa musamman don neman lugga. Wannan hanya ta fitar da manyan malamai da suka rubuta Larabci mai zurfi ba tare da sun taɓa zama a ƙasar Larabawa ba, don haka babu mai raina ta. Amma a duba abin da ke riƙe da ita. Akwai malam a zaune, wanda ke zaɓo ma'anar da ta dace da wurin. Darasin 'yan layuka ne, a maimaita shi har ya zauna. Littafi guda kan ɗauki watanni, babu mai gaggawa. Ɗalibin sakandare da ke fama da littafin labari ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙamus zai jera masa ma'anoni biyar ya bar shi ya zaɓa, shafuka ɗari biyu na jiransa, ga jarrabawa ta matso. Ya ɗauki wahalar hanyar, ya bar ginshiƙanta a zaure.

Masu binciken koyon harshe sun auna wannan matsala. A nazarin da Hu da Paul Nation suka wallafa a 2000, sun gano cewa mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin labari kafin ya fahimce shi da kansa ba tare da taimako ba. A 2006 Nation, malami a Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand, ya ƙiyasta cewa kaiwa ga wannan matsayi a littafin labarin da ba a sauƙaƙa ba yana bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000, kowane da rassansa. A shafi mai kalma 300, kashi 98 na nufin baƙin kalmomi shida kacal, waɗanda sauran jimlar za ta iya haska su. Wanda ya san kashi 90 kuwa, talatin ne ke jiransa a kowane shafi. Idan ya tsaya duba ƙamus sau talatin, kafin ya kai ƙasan shafin ya manta wanda ya shigo ɗaki da abin da ya kawo shi. Labari kuwa da zare ake bin sa, in ya tsinke daɗi ya tafi, kuma daɗin nan shi ne ke sa mutum ya juya shafi.

Abin lura shi ne, shi kansa Michael West, wanda sunansa ya zama sunan ƙamus a bakin ɗaliban da, bai ɗora koyon kalmomi a kan hadda ba. A Bengal ya yi aikin ilimi, a birnin Dhaka, inda ya ga yara na shan irin wannan wahala, sai ya shirya jerin littattafan karatu masu hawa-hawa: sabuwar kalma ta shigo jefi-jefi, ta yi ta dawowa har idon yaro ya saba da ita. Ƙamusunsa na 1935 ma da kalmomi ƙasa da 1,500 ya yi bayanin duk abin da ke ciki. A 1953 ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a Turanci, don a fara da su.

Mun ga amfanin wannan a gida. Waɗanda suka tashi a shekarun 1980 da dama Turancinsu ya zauna ne a kan ƙananan littattafan Pacesetters na kamfanin Macmillan, irin su The Undesirable Element na Mohammed Sule, da ake karɓa hannu zuwa hannu a ɗakin kwanan ɗalibai har bango ya cire. Ba wanda ya ja layi a cikinsu. Haka kuma mata da yawa suka goge a karatun boko na Hausa ta littattafan soyayya, ba tare da an ba su darasi ba.

Akwai kuma abin da ƙamus ba ya bayarwa, wato sanin duniyar da labarin ke ciki. Turancin Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, ba mai tsauri ba ne. Abin da ke tare yaron Katsina a cikinsa shi ne al'adun Ibo: sarautun da ake saye da doya da jarumta, da dodanni masu yanke hukunci, da karin maganarsu. Miƙa wa yaron nan Burning Grass na Cyprian Ekwensi, na 1962, labarin Mai Sunsaye da 'ya'yansa da shanunsu, sai ka ga yana cankar ma'anar kalmomin da bai taɓa gani ba, domin ya san ruga, ya san ƙunar daji da rani. Haka The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984, yake ga yarinyar da ta san zaman ƙauye da jiran mijin da ya tafi birni.

Ba cewa nake a jefar da ƙamus ba. Kalmar da ta dawo sau uku ko huɗu, ko wadda ma'anar sakin layi ta rataya a kanta, ta cancanci a duba ta, amma bayan an kai ƙarshen babi, kuma a rubuta ta tare da jimlar da ta zo a ciki. Sauran a wuce su, za a sake haɗuwa.

Yau hukumar JAMB kan ɗora wa masu neman shiga jami'a littafin labari guda, kamar The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli da The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Ga ɗalibai da yawa shi ne littafin labari na farko da za su riƙe da Turanci, watanni kaɗan kafin jarrabawa, kuma a nan aka makara. Ina roƙon malaman ƙaramar sakandare da iyaye su sa wa yara ƙananan littattafai masu sauƙi a hannu tun daga aji ɗaya, da yawa, waɗanda za su iya gamawa cikin mako guda, kuma kada a tambaye su jerin kalmomi, a ce su ba da labarin.