Ƙara Daban, Amo Daban: Tsohon Kaset da Waƙar Situdiyo a Kan Sikeli

A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro, ina gida Ruwan Godiya. Waya ta koma rediyo, abin da ke cikin memori shi kaɗai mutum zai saurara. Wani dare muna zaune a ƙofar gida, Baffana ya sa Bakandamiyar Shata a wata 'yar lasifika mai caji. Da ta ƙare sai ƙanena ya karɓa ya sa wata sabuwar waƙar soyayya. Ba wanda ya taɓa maɓallin ƙara, amma duk sai da muka zabura.

"Yaya, ka ji kwaliti ko?" in ji ƙanena.

Baffa ya ce, "Kai yaro, rage mana. Wannan ai faɗa take yi da kunne."

Kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma wannan gardama ce ta sa na zauna na auna waƙoƙin biyu.

Na buɗe su a Audacity, manhajar da ke zana hoton sauti a fuskar kwamfuta. Hoton waƙar Shata ya fito kamar tsaunuka da kwaruruka. Inda ya ɗaga murya zanen ya yi tsini, inda ya ja numfashi ya kwanta, inda 'yan amshi suka karɓa ya sake tashi. Hoton sabuwar waƙar kuwa bulo ne guda, cike tam daga farko har ƙarshe, an aske samansa da ƙasansa kamar da reza.

Dalilin ba boyayye ba ne. Sautin da aka adana a kwamfuta yana da rufi wanda ba ya ƙetaruwa. Mai haɗa sauti da ke son waƙarsa ta fi ta wani ƙara ba shi da ikon ɗaga rufin, don haka sai ya danne wuraren da suka yi tsini, sannan ya tura waƙar gaba ɗaya sama har ta manne da rufin. Raɗa da ihu su zama tsayi ɗaya. Kunnen ɗan Adam kuma yana da wani rauni: in aka jera masa sauti biyu, wanda ya fi ƙara shi zai fara ɗauka a matsayin mai kyau. Ga kuma inda ake sauraron waƙa a yau, wato lasifikar waya, da cikin A Daidaita Sahu, da shagon masu tura waƙa a tsakiyar kasuwa, da motar kamfen. A irin waɗannan wurare waƙar da ta yi ƙasa da murya ta ɓace. Mai situdiyo ba mahaukaci ba ne, kasuwarsa yake yi wa aiki.

Ba mu muka fara wannan rigima ba. Masu sauraron kiɗan nan na Turawa mai rugugin jita da ganguna, wanda suke kira metal, wato ƙarfe, sun daɗe suna yin ta. Ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Birmingham a Ingila ta ɗauki faifanta na farko cikin yini guda a watan Oktoba na 1969, kusan duka suna kiɗa tare a ɗaki ɗaya, ya fito a Fabrairun 1970. Har gobe ana yaba nauyin amonsa. A 2008 kuma Metallica ta Amurka ta fitar da Death Magnetic, wanda aka matse shi har sautin yana tsagewa. Masoyanta suka gano cewa waƙoƙin da aka saka a wasan bidiyo na Guitar Hero sun fi na faifan daɗin ji, domin ba a yi musu wannan matsi ba, dubbai suka sa hannu a takardar neman a sake haɗa shi. Abin lura a nan shi ne, kiɗan da aka gina shi kacokan a kan ƙara, shi ne masu jinsa suka ce ƙarar ta kashe shi. Dukan ganga yana razana mutum ne in akwai ɗan shiru kafinsa.

To mu me muka rasa? Abu uku nake ji da kunnena.

Na farko tazara tsakanin mawaƙi da 'yan amshinsa. A tsofaffin ɗaukar Shata, ko na Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa, kana iya nuna inda kowa yake tsaye. Uban waƙa yana kusa da makirufo, 'yan amshi suna bayansa, muryoyinsu ba su faɗo daidai a lokaci guda ba, wani ya riga wani da ƙiftawar ido. Wannan ɗan saɓani shi ke gaya wa kunne cewa jama'a ce ke amsawa. A yawancin waƙoƙin situdiyo amshin murya ɗaya ce ko biyu aka ninka, aka jera su a kan layi da linzamin kwamfuta, aka ɗaga su tsayi ɗaya da mai bayarwa. Ba ka jin wani ya ba wani, sai dai sauti ya bi sauti.

Na biyu bakin kalangu. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammatarsa yana saki, fatar ta ɗaure ta sassauta, amon ya hau ya sauka a cikin duka guda. Da haka kalangu ke bin karin harshen Hausa har ya kira sunan mutum ya yi masa take. Kalangun da ke cikin fiyano kuwa duka ɗaya ne aka ɗauka aka adana, duk sanda aka danna shi zai fito yadda ya fito ɗazu. Masu kiɗan metal ma suna kuka da irin wannan, inda ake cire dukan mai ganga na gaske a maye gurbinsa da wanda aka adana, har ka rasa gane hannun wane ne.

Na uku murya. Manhajar Auto-Tune ta fito a 1997 don gyara ɗan kuskuren mawaƙi, tana jan murya zuwa mafi kusa daga matakai goma sha biyu na kiɗan Turawa. Muryar mawaƙin Hausa kuwa sau da yawa a tsakanin matakan take yawo, tana zamewa daga wannan zuwa wancan. Saurari Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya, ka ji yadda murya da tsarkiya ke jan juna. In aka ɗaure irin wannan murya da manhaja sosai, zamewar ta koma tsalle, kuma mawaƙa goma su fito da maƙogwaro ɗaya.

Kada a ɗauka ina cewa komai na da zinariya ne. Tsofaffin ɗauka da yawa ba su da kyau ko kaɗan. Akwai inda kalangu ya yi kusa da makirufo ya haɗiye baitin da ka fi so ka ji, akwai inda mai ɗauka ya ƙure na'ura murya ta fashe, ga shuu ɗin kaset da ba ya ɗaukewa. Fiyanon Yamaha da kwamfuta kuma sun buɗe ƙofar da take rufe. Da can waƙa sai wanda ya gada ko ya samu ubangida da makaɗa. Tun zamanin da waƙar fim ɗin Sangaya ta cika gari, yaro mai baiti a aljihu da kuɗin zama ɗaya a situdiyo yana iya zama mawaƙi. Kalmomin Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef suna fita tar, ba ka buƙatar mayar da kaset baya don ka gane abin da aka ce. Wannan ci gaba ne, kuma wanda ya raina Jarumar Mata ta Hamisu Breaker bai ga abin da ta yi a gidajen mutane a 2020 ba. Ƙorafina a kan yadda ake amfani da kayan aikin ne.

Akwai misali daga maƙwabta da ke nuna cewa zaɓi ne. Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da Auto-Tune da gangar na'ura irin ta waƙoƙin finafinanmu. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahara har suka kai kunnen Christopher Kirkley na Sahel Sounds. Da ya samu hali sai ya koma ɗauka da cikakkiyar ƙungiya, mai ganga na gaske da jita mai rugugi. A Afrique Victime na 2021 kana jin kiɗan yana ƙara sauri yayin da makaɗan suka ɗauki zafi, abin da layin kwamfuta ba ya bari. Kayan zamani ne aka yi aikin da su, amma an bar mutane su yi numfashi a ciki.

Abin da ya fi damuna ma ya wuce gardamar da da yanzu. Shatan da ƙanena ya raina ba shi ne Shatan da aka ɗauka ba. Daga faifai ko tef ɗin gidan rediyo aka kwafa a kaset, daga kaset zuwa wani kaset, sannan wani ya mayar da shi MP3 mai ƙaramin nauyi don ya shiga memori, aka tura ta WhatsApp, aka ɗora a YouTube, aka sake saukewa. Kusan kowane mataki yana zubar da wani abu da ba ya dawowa. Yanzu kuma an samu masu "gyara" tsofaffin waƙoƙi, suna goge shuu ɗin kaset da manhaja har su goge kaifin kalangu tare da shi, sannan su matse abin da ya rage ya zama bulo. Shata ya rasu a 1999, ba zai sake shiga situdiyo ba. Tef yana ruɓewa, kuma a yankinmu mutane da yawa sun bar gidajensu da abin da hannu zai iya ɗauka kawai, ba wanda zai tsaya neman kwalin kaset. Duk gidan rediyon da ke da tef na asali, tun daga na Kaduna, da duk mai tsohon faifai a ɗaki, abin da ya kamata shi ne a kwafe shi sau ɗaya da na'ura mai kyau, a adana ba tare da matsi ko gyara ba. Mai son gyara ya yi a kan kwafi.

Ga masu situdiyo kuma, ko lissafin kasuwa ya fara juyawa. Spotify da YouTube suna rage ƙarar waƙar da ta cika ƙara don ta daidaita da sauran. Wanda ya matse waƙarsa ya rasa tsaunukanta, sannan a can a rage masa ƙarar da ya saya da su, ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Ku fitar da kwafi biyu in ya zama dole, ɗaya na kasuwa, ɗaya na mai saurare a natse. Ku kira mai kalangu ku biya shi. Ku tara 'yan amshi huɗu a gaban makirufo ɗaya.

Da na koma gida bayan an maido da layi, na daidaita ƙarar waƙoƙin nan biyu na sa wa ƙanena a abin kunne. Ya saurari Bakandamiya har ƙarshe bai ce komai ba, sannan ya cire ya ce, "Yaya, ashe mutane ne da yawa a wurin."