Babban Yatsa da Ruwan Matan Fada

Rabin bikin kamun kifi na Argungu jira ne. Dubban masunta sun yi sahu can baya da gaɓar Matan Fada, kowa rungume da gora da homa, rana na dukan ƙeya, makaɗa na shawagi cikin jirage, manyan baƙi ba su ma gama zama ba. Sai an harba bindiga ƙasa ke girgiza, kafin ka ƙifta ido ruwa ya cika da kawuna. Mai ɗaukar bidiyo ba ya shan wahalar nuna wannan, domin shi ke riƙe da agogo, dole ɗan kallo ya jira abin da aka ce ya jira. Mai labarin zane kuwa agogonsa na hannun mai karatu. Idan a waya ne, babban yatsa ne ke yanke hukunci, yana iya share aikin mako guda cikin daƙiƙa biyar. To ta yaya za ka sa mutum ya yi jira alhali linzamin na hannunsa?

A takarda dabarar sananniya ce. Ido na ganin shafi gaba ɗaya tun kafin ya karanta gidan zane na farko, don haka wurin ɓoye abin mamaki ɗaya ne tak, bayan shafi, inda sai an juya. Ba'amurken nan Scott McCloud, a littafinsa Understanding Comics na 1993, ya nuna cewa ainihin aikin yana faruwa ne a ratar da ke tsakanin gida da gida, inda mai karatu ke cike abin da ba a zana ba da kansa. A 2000 ya kawo shawarar a daina ɗaukar fuskar kwamfuta a matsayin shafi, a ɗauke ta taga ce da ake leƙen zane mara iyaka. Mutanen Koriya ta Kudu ne suka mai da irin wannan tsari kasuwa: Daum ya buɗe dandalinsa a 2003, Naver a 2004, sannan a 2014 aka fito da Webtoon ga sauran duniya. Tsarinsu gida ɗaya ne a ƙarƙashin ɗaya, ana jan su sama da yatsa, ba juya shafi.

Da wannan sauyi rata ta zama lokaci. A ce wani matashi a Birnin Kebbi ya zauna zai zana ranar kamun kifi don masu waya. Gidan farko ƙafafu ne kawai cikin ƙura. Ya bar fili fari kamar tsawon rabin fuskar waya. Sai hannu riƙe da wuyan gora, jijiyoyi sun tashi. Wani filin, wanda ya fi na farko tsawo. Idon wani dattijo yana duban ruwan da aka hana kowa jefa homa cikinsa tun bara. Yanzu sai fili mai tsawon da zai ci ja biyu na yatsa, babu komai a ciki, har mai karatu ya fara zargin ko sabis ne ya ɗauke. A ƙasan wannan ne bakin bindiga zai bayyana. Daga nan sai a matse gidajen, ƙanana, a jere, babu rata ko kaɗan, yatsa ya yi ta gudu tare da masu gudu. Ba a rubuta "sun daɗe suna jira" ko sau ɗaya ba, amma mai karatu ya yi jiran da jikinsa.

Nutso ma ya dace da wannan tsari. Masunci ya nutse, launi na sauka daga ruwan ƙasa mai haske zuwa duhu, yatsa na ja, har a je ga inuwar giwan ruwa a can ƙasa. Takarda ba ta iya wannan yadda waya ke yi.

Sai dai waya na karɓar haraji, kuma a ganina harajin ya fi tsada a Argungu fiye da labaran soyayyar ɗalibai da suka cika Webtoon. Girman bikin a faɗinsa yake, gaɓa cike daga wannan kusurwa zuwa waccan. Waya kuwa siririya ce, Webtoon ma faɗin fiksel 800 yake karɓa. In ka cusa taron duka a gida ɗaya, mutane za su koma ɗigo-ɗigo. Wasu kan kwantar da zanen su ce a juya waya, abin da ke katse karatu daidai inda bai kamata ba. Gara mai zane ya hau sama, ya dubi kogin kamar shaho, ya shimfiɗa shi a tsaye, ta yadda jan yatsa zai zama tafiya a kan ruwa, kai bayan kai, gora bayan gora, har mai karatu ya gaji da ƙirga.

Duk wannan lissafin mai wadatar data ne. Mai karatun da ke Argungu ko Kalgo ko Bunza galibi ta WhatsApp da Facebook abu ke iso masa, wani ya tura wa wani. WhatsApp na matse hoto, dogon zane ya fito dishi-dishi, ƙananan rubutu su narke. Farin filin nan da muka yaba, idan netwok na jan ƙafa, ba ya bambanta da hoton da ya ƙi buɗewa. Don haka wanda ke zana wa mutanen nan ya fi dacewa ya yi tunani da hoto ɗaya-ɗaya, kowanne cike da fuskar waya, a jera su a sitatus ko a jerin hotunan Instagram, wanda ya fara da goma a 2017 aka ƙara zuwa ashirin a 2024. A nan kowace latsawa juyin shafi ce, ke nan kowane hoto na iya ɓoye na bayansa. Jira kuma sai a gina shi da maimaici: fuska ɗaya sau uku, ba abin da ya sauya sai zufa da ta gangaro.

Batun inda za a yanke labari kuwa ba sai mun je Koriya koyo ba. Akun Magana Jari Ce, na Abubakar Imam, da jan labari ya riƙa tsare ɗan sarki har gari ya waye. Marubutan littattafan intanet na yau, yawancinsu mata, sun gwanance a kai: shafukan kyauta a zauren WhatsApp, a tsaya daidai inda zuciya ta rataye, sauran sai an biya. Amma dabarar ta fara tsami. In kowace fitowa da suma ko mari ko buɗe ƙofa za ta ƙare, mai karatu kan gane dawar garin. Yankewar da ta fi riƙe mutum ita ce wadda ta bar shi da tambayar da ya damu da amsarta. An ɗora kifi a sikeli, allura na rawa, mun kuma san bashin da ke kan mai kifin. Nan ne wurin tsayawa.

Magana a cikin zane ita ma gudu ce ko birki. Hausa na son gaisuwa da sakaya zance, da'irar magana kuwa ba ta ɗaukar fiye da numfashi ɗaya a waya. Mafita ita ce a raba gaisuwar gida-gida, ta zama ita ce tafiyar hawainiyar da ke gaban tashin hankali. Kuma a bar Bakabe ya yi maganarsa. "Wanga kihi nawa na" ya fi gajarta, ya kuma fi rai, bisa daidaitacciyar Hausar da za a ɗora wa masunci a baki. Abin takaici, yawancin salon haruffan da aka ƙera don labarin zane ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ka ga akwati fanko a tsakiyar kalma, ko a cire ƙugiyar baƙi ya koma baki. Wanda zai yi da ajami kuma tsarin sama zuwa ƙasa ya hutar da shi rigimar ko daga dama za a fara ko daga hagu.

Comic Republic na Jide Martin da ke Legas na sakin labaransa kyauta a intanet tun 2013, Roye Okupe kuma ya yi Malika, wadda ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Ayyuka ne masu kyau, amma da ƙirar shafin littafi aka yi su, a ƙaramar waya sai an yi ta buɗa hoto da yatsu biyu. Kabi na da nata kayan: Kanta da ganuwar Surame a ƙarni na 16, gidan Yakubu Nabame da ya zama gidan tarihi, zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu a 1934 wanda bikin ya samo asali daga gare shi, har UNESCO ta sa shi a kundinta a 2016. Haɗarin irin wannan arziki shi ne mai zane ya ji dole sai ya faɗi duka, ya buɗe da akwatin bayani mai layi goma kan asalin masarauta. Yatsa ba ya tsayawa a kan wannan. Shekarar 1934 ta fi amfani a bakin kaka tana yi wa jikanta faɗa a hoto na bakwai, bayan mai karatu ya riga ya san yaron ya saci gorar babansa.