Rubutun Ɗalibi Ba Na Malamin Turanci Kaɗai Ba Ne

Ɗalibin da ya taso daga 'Yankuzo ko wani ƙauyen Bungudu, idan Allah ya kai shi gaba da sakandare, ba sai ya yi nisa ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya a Tsafe, ga Kwalejin Ilimi a Maru, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, mata kuma ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha a Gusau. Abin da kan zo masa da wuya shi ne rubutu, musamman wanda rashin tsaro ya yi ta katse masa karatu, kamar lokacin da aka rufe makarantun Zamfara a Satumban 2021.

Al'adar manyan makarantunmu ita ce a ɗora wa kwas ɗin Turanci na gama-gari dukan nauyin koyar da rubutu. Malamin kimiyya ko na aikin gona sai ya ba da handawut, ɗalibi ya haddace, ya amayar ranar jarrabawa. Sai shekarar ƙarshe a ce ya kawo kundin bincike mai babi biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa wasu ke garzayawa shagon kwamfuta a kwafo masu na wani daga intanet, a sauya suna.

Alhali kowane fanni da irin rubutunsa. Rahoton ɗakin gwaje-gwaje daban, tsarin darasin mai neman NCE daban, bayanin da ma'aikaciyar lafiya ke rubutawa a katin majiyyaci shi ma daban. Malamin Turanci zai gyara nahawu, amma wanda ya san fannin ne kaɗai zai gane ko hujja ta tsaya.

Turawa sun taɓa faɗawa wannan matsala. A 1970 Barbara Walvoord ta tara abokan aikinta na sassa daban-daban a Kwalejin Central da ke jihar Iowa ta Amurka, suka riƙa duba rubutun ɗalibansu tare. A Ingila kuma, rahoton Bullock na 1975 ya nemi kowace makaranta ta tsara yadda harshe zai ratsa dukan darussa. Abin lura, da malamai aka fara gyaran.

Mu ma muna da tushen wannan a tsangaya. Almajiri ya rubuta allonsa, malam ya duba, ya nuna kure, a gyara, sai karatu ya zauna kafin a wanke. Gardawa kan yi satu, su kai darasu, inda alarammomi ke bin allon harafi-harafi a bainar jama'a. Rubutu ne kaɗan-kaɗan, kullum, kuma mai koyarwa shi ne mai gyarawa. Sai dai tsangaya kiyaye nassi take nema, kwaleji kuwa so take ɗalibi ya gina hujjarsa. Don haka tsarin za a ɗauka, a sauya manufar.

Bitar da malamai ke buƙata ta wuce ta kwana biyu da alawus. A zauna sashe-sashe da ainihin takardun ɗalibai, a yi ittifaƙi kan ma'aunin maki. A koyi ba da aikin shafi guda kowane mako, da rubuta sharhin da ke nuna mafita maimakon jan biro kawai, da barin ɗalibi ya sake rubutawa. Inda aji ya cika maƙil, ɗalibai su yi musayar takardu su duba wa juna. A kuma bar wanda tunaninsa ya fi gudana da Hausa ya fara tsara shi da ita.

Asusun TETFund na ɗaukar nauyin ƙaro ilimin malamai, kuma gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2023. Ya kamata wani kaso na wannan hoɓɓasa ya tafi ga horar da malaman kwaleji kan rubutu, domin ɗaliban Maru da Gusau na yau su ne za su riƙe alli a firamaren 'Yankuzo gobe.