Raunin hukuma da makaman ƙwayoyin cuta: sharhi a kan wata hujja da kalmominta

Tun daga 1992, lokacin da Gerald Helman da Steven Ratner suka buga maƙalarsu a kan ƙasashen da suka gaza a mujallar Foreign Policy, wani ra'ayi ya samu wurin zama a rubuce-rubucen tsaron duniya. Takardar manufofin tsaro da gwamnatin Amurka ta fitar a 2002 ta ƙarfafa shi: haɗari ya fi tasowa daga ƙasashe masu rauni fiye da masu ƙarfi. Daga nan aka ƙulla hujjar da za mu duba: inda hukuma ba ta da iko, ƴan ta'adda za su samu mafaka, su haɗa makaman ƙwayoyin cuta. A ganinmu an haɗa abubuwa biyu da tarihi bai haɗa ba, kuma kalmomi ne suka ɓoye ɗinkin.

Faransanci ya karɓi kalmar da État failli, wadda ke ɗauke da ƙamshin faillite, wato karayar ɗan kasuwa. Wanda ya karye kuwa, wasu ne ke karɓar ragamar dukiyarsa. Ke nan an yanke hukunci tun a cikin suna. A Hausa matsalar daban ce: "ƙasa" tana nufin pays, da territoire, da État baki ɗaya, don haka mai fassara ya kasa nuna ko hukuma ce ta gaza ko jama'a. Haka nan "makaman ƙare dangi" da gidajen rediyo suka yaɗa: tana zuba nukiliya da guba da ƙwayoyin cuta a ƙwarya ɗaya, alhali hanyar ƙera kowanne daban take.

Su wa suka taɓa ƙera irin waɗannan makamai? Sojojin Japan, da rukuninsu mai lamba 731 kusa da Harbin, har zuwa 1945. Amurka, har Nixon ya dakatar da shirin a 1969. Tarayyar Sobiyet, wadda ta sa hannu a yarjejeniyar haramta su ta 1972, sannan ta kafa Biopreparat bayan nan. A 1979 ƙwayoyin suka kuɓuce daga wata cibiyar soja a Sverdlovsk suka kashe mutum sama da 60. Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, ƙarƙashin Wouter Basson. Iraƙi, wadda ta amsa laifinta a 1995. Babu ko ɗaya daga cikinsu da za a ce hukumarta ba ta da iko a lokacin. Ƙungiyoyin da suka gwada ma, a ƙasashe masu ƙarfi suka yi: mabiya Rajneesh sun gurɓata abinci a Oregon a 1984, mutum 751 suka kamu, wasiƙun da suka kashe mutum 5 a Amurka a 2001, hukumar FBI ta jingina su ga wani masani na cibiyar sojan Amurka da ke Fort Detrick.

Dalilin a fili yake. Ciwon saifa na dabbobi, wanda Faransawa ke kira charbon, makiyayan Sahel sun san shi tun kaka da kakanni, ƙwayarsa kuma tana iya zama cikin ƙasa shekaru da yawa. Amma mallakar ƙwaya ba mallakar makami ba ce. Sai an zaɓi nau'i mai kisa, an raine shi da yawa, an busar da shi, an niƙa shi har ya iya yawo cikin iska ya shiga huhu. Wannan na bukatar ƙwararru, da injuna, da lantarki marar yankewa, da kuɗi, wato daidai abubuwan da ba a samu inda hukuma ta rushe. Ƙungiyar Aum Shinrikyo, duk da dukiyarta da masananta, ta fesa ƙwayar a Tokyo a 1993 ba wanda ya kamu, saboda nau'in da ake allurar rigakafin dabbobi da shi ta yi amfani.

Ba mu ce hujjar fanko ce ba. Gaskiyarta tana wajen gado. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, an bar masana ba albashi, an bar masana'antar Stepnogorsk a Kazakistan da tsibirin Vozrozhdeniya na tekun Aral, inda aka binne ƙwayoyin saifa. Sai a 2002 aka je aka lalata su. A Afrilun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi bayan mayaƙa sun mamaye babban ɗakin binciken cututtuka na Khartum. A duka misalan biyu, abin tsoro shi ne kayan da hukuma ta tara tun tana da ƙarfi, mai gadi kuma ya tafi. Rushewar mai ƙarfi daban, talaucin marar ƙarfi daban. Kalmar "rauni" ce ta mayar da su abu ɗaya.

Wannan ruɗani yana da sakamako. Yarjejeniyar 1972 ba ta tanadi masu binciken da za su shiga ɗakunan gwaji ba, kuma Amurka ce ta ƙi daftarin da zai samar da su a 2001. Ƙuduri mai lamba 1540 na Kwamitin Sulhu, na 2004, ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin hana ƙungiyoyi samun makaman, amma bai buɗe ƙofar manyan cibiyoyi ba. Ido ya koma kan waɗanda ba su da kayan aiki.

Mu a Nijar mun ga yadda irin wannan zance ke aiki, ko da yake a fannin nukiliya ne. A farkon 2003, lokacin da Colin Powell ya ɗaga ƴar kwalba a gaban Kwamitin Sulhu yana magana a kan ƙwayar saifa ta Iraƙi, ana kuma yawo da takardun da ke cewa Yamai ta amince ta sayar wa Bagadaza yuraniyom. A watan Maris Mohamed ElBaradei ya sanar da cewa takardun na jabu ne. Motocin ƙera ƙwayoyin cuta da Powell ya siffanta, su ma ba a same su ba bayan yaƙi.