Kujerar Bitrus da Abin da A Ke Faɗa a Kanta

Cikin ɗariƙun Kirista babu wadda ta kai Katolika yawan mabiya, gama sun kai wajen miliyan 1,400, watau kusan rabin Kiristan duniya. Sunan daga harshen Yunanawa ya fito, ma'anarsa abin da ya game ko'ina. Babban abin da ya raba ta da sauran ɗariƙu shi ne shugaba guda, Fafaroma, wanda ke zaune a birnin Rum. Saɓanin da ke tsakaninta da Musulmi kan Annabi Isa, alaihissalamu, na Kirista ne baki ɗaya. Wanda ya ke so ya auna Katolika ita kaɗai, a kan kujerar Fafaroma ya kamata ya ɗora ma'auninsa.

'Yan Katolika suna kafa hujja da Linjilar Matiyu. Sun ce cikin almajiran nan goma sha biyu akwai wani masunci, Siman, wanda Annabi Isa ya sa wa suna Bitrus, watau dutse, ya danƙa masa shugabancin jama'a. Bitrus ya tafi Rum, aka kashe shi can a zamanin Sarki Nero, bayan gobarar shekara ta 64. Tun daga nan kowane bishop na Rum halifansa ne, wannan ya karɓa daga wancan, kamar silsilar malamai, har zuwa Leo na 14 wanda aka zaɓa cikin 2025, na 267 a lissafinsu.

Sauran Kirista ba su yarda da wannan fassara ba. Sun ce Linjila ba ta faɗi Bitrus ya bar wa wani gadon iko ba. Tarihi kuwa ya ba kowa rabonsa. Jerin sunayen tsoho ne, an rubuta na farkonsa tun wajen shekara ta 180. Amma ikon a hankali ya girma. Babban taron Nikiya na 325, Sarki Kustantin ne ya kira shi, bishop na Rum bai ma halarta ba, wakilai biyu ya aika. Kiristan gabas sun yarda Rum ce babbar ya, ba su yarda ita ce uwa ba, a kan haka da waɗansu al'amura aka rabu cikin 1054.

To, amfanin shugaba guda ba ya ɓuya, tsintsiya maɗaurinta ɗaya. Sa'ad da mulkin Rum na yamma ya rushe cikin 476, sarakuna suka watse, coci ta tsaya. Masu zuhudu suka shige gidajensu na ibada suna juyar littattafai da hannu, na addini da na mutanen da, sa'an nan makarantu da asibitoci suka tsiro a gindinsu. Wannan hali ya bi su duk inda suka sauka, har Shendam, inda fada-fada suka kafa mishan cikin 1907. Ɗan Katolika na Shendam in ya shiga coci a Barazil, ibadar da ya bari gida ita zai tarar.

Har wa yau sarautar ba ta gado ba ce. An hana limamansu na yamma aure, saboda haka babu ɗan sarki mai jiran gado. In Fafaroma ya rasu, kadina-kadina waɗanda ba su kai shekara 80 ba su ne masu zaɓen sarki. A kan keɓe su daga jama'a, ba su watsewa sai kashi biyu cikin uku sun taru a kan mutum ɗaya. Ta haka ɗan masinjan ƙauye ya hau cikin 1903, ɗan manomi kuma ya hau cikin 1958. Masarautu nawa ne za su iya faɗin haka?

Amma fa inda ƙarfin ya ke, nan ciwon ya ke. In shugaba guda ne, ba kotu bisa kansa, ran da ya karkace wa zai miƙe shi? Fafaroma Urban na 2 ne ya kira yaƙin gicciye cikin 1095, mayaƙan suka ci Ƙudus cikin 1099 suka zub da jinin Musulmi da Yahudawa. Daga 1378 zuwa 1417 an yi Fafaroma biyu lokaci ɗaya, har suka kai uku, kowa yana tsine wa ɗan'uwansa, sai da taron bishop-bishop ya raba gardamar. Dokar hana aure ma ba ta hana Iskandar na 6, wanda ya hau cikin 1492, haihuwar 'ya'ya da ɗaukaka su ba.

Maganar takardun rangwame ta fi duka haifar da ɓarna. A koyarwarsu, takardar ba ta yafe zunubi, horon da ya rage bayan tuba ta ke sauƙaƙawa. Wannan bayanin malamai ne. Shi talakan Jamus abin da ya gani shi ne mai wa'azi da akwatin kuɗi, a ba da kuɗi a karɓi takarda, kamar mai biyan haraji ya karɓi rasiɗi, rabin kuɗin kuwa ginin cocin Bitrus a Rum za shi. Cikin 1517 wani malamin zuhudu, Martin Luther, ya rubuta suka 95 a kan wannan ciniki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma Rum ta ɗauke shi haka, ta kore shi cikin 1521. Cikin 1567 wani Fafaroma ya haramta haɗa rangwame da kuɗi. An karɓi gyaran bayan shekara 50, alhali ƙasashe da yawa na arewacin Turai sun riga sun fita. Shi ma Galileo, wanda aka hukunta cikin 1633 don ya ce duniya ke kewaya rana, sai 1992 aka amsa an zalunce shi.

Masu suka su kan ce 'yan Katolika sun ɗauka Fafaroma ba ya kuskure. Nan sun wuce gona da iri. Hukuncin 1870 ya taƙaita ne ga sa'ad da ya yanke magana daga bisa kujerarsa kan aƙida ko ɗabi'a domin coci duka, abin da ba a cika yi ba. Kuma a faɗi gaskiya, kujerar da ke jinkirta gyara ita ce ke iya zartar da shi farat ɗaya. Ɗan manomin nan, Yohanna na 23, ya kira taron da aka yi daga 1962 zuwa 1965. Bayansa aka sake wa jama'a su yi ibada da harsunansu maimakon Latin, aka kuma rubuta cewa coci tana duban Musulmi da girmamawa, ta roƙi a bar tsohuwar gaba.

Suka mafi nauyi ta wannan zamani ce. Cikin 2002 wata jarida ta birnin Boston a Amurka ta tona cewa waɗansu fada-fada sun lalata yara, shugabanninsu kuwa sun sani, sai su ɗauke mai laifi daga wannan coci su kai shi waccan, kamar a sauya wa ma'aikaci maciyin amana gunduma a bar shi da littafin kuɗi. Aka sami irin haka a Ailan da Faransa da waɗansu ƙasashe. Cikin 2019 Fafaroma Faransis ya kafa doka cewa tilas limami ya kai rahoton irin wannan laifi. Sai dai ga shugabannin coci dokar ta ce a kai, ba ta wajabta kai wa 'yan sanda ba sai inda dokar ƙasa ta tilasta, waɗanda aka cuta kuwa suna cewa har yanzu alƙalin ɗan gida ne.