Lambun Ruwan Sama: Magani Ne, Amma Ba Na Kowace Ambaliya Ba

Duk damina sai ka ga ana yawo da hotunan lambun ruwan sama, wai shi ne maganin ambaliyar unguwanni. A ganina dabarar tana da kyau, amma kirarin da ake mata ya fi ƙarfinta.

Abin ba wuya. Ana haƙa ɗan kwari mai zurfin santimita 10 zuwa 20, a gauraya ƙasar da yashi da taki, a dasa tsirrai, sai a juyo ruwan indararo ciki ya nutse maimakon ya bi titi. An fara shi a jihar Maryland ta Amurka wajen 1990. Birnin Philadelphia ma ya sa shi cikin shirin shekara 25 da ya fara a 2011, amma abin da suka auna tarewa shi ne milimita 25 na farkon ruwa.

To, nan gizo ke saƙa. Ɗauki rufin kwano mai murabba'in mita 100. In aka tafka ruwan milimita 50, irin na watan Agusta, lita 5,000 ke nan, wato jarka 200. Lambu mai murabba'in mita 10 da zurfin santimita 20 kuwa lita 2,000 yake ɗauka. Ragowar fa? Titi.

Na biyu, dole ruwan ya tsotse cikin awa 48. A ƙasa mai laka ba zai tsotse ba, ka ga ka gina wa sauro gida da kuɗinka. Na uku, ƙa'ida ita ce a ba ginin gida tazarar mita 3, a kuma nisanci rijiya da masai. A lungun da katangar ƙasa ke jingine da ta maƙwabci, ina filin yake?

Abin haushin ma, tunanin ba baƙo ba ne. Manoman Tahoua sun daɗe suna tare ruwa da ramukan tassa. Kududdufan Kano ma ruwan unguwa suke shanyewa, ga shi ana cike su ana gini a kai.

Saboda haka a yi lambun inda ya dace: harabar makaranta, asibiti, masallaci. Kafin nan a haƙa rami, a cika shi da ruwa, a ga ko zai shanye cikin kwana biyu. Lambun yana rage wa kwata nauyi ne kawai. Yashe kwata da barin kududdufi a inda yake har yanzu suna wuyanmu.